Damin Farko

Ranar Alhamis ce a ƙarshen damina, ana irin yayyafin nan da ba ya jiƙa ƙasa sosai amma ba ya barin mutum ya fita. Tun da safe ya fara. Ina zaune a zaurenmu a Unguwar Marke, ƙauyenmu da ke bayan dutsen Tsafe, ina facin tayar keke, sai na ji ƙarar babura da yawa tana tasowa daga wajen fadama. Ba sai an gaya mini ko su wane ne ba. Hatta kaji sun nemi wurin ɓuya.

'Yan bindigar ba su yi harbi sosai ba. Suka tara mu a gindin marke, Kirista da Musulmi, suka ce kowa ya bar garin kafin azahar. Baba ya miƙe, hularsa a hannu, ya ce, "Samari, gero ya nuna. Ku bar mu mu girbe, sai mu tahi."

Wanda ya matso kusa da shi bai kai ni shekaru ba. Ya juya bindiga ya kai masa gindinta a muƙamuƙi. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye.

Inna ta ɗauki abin da kanta zai iya ɗauka: tabarma, tukunya, da ɗan buhun geron bara da ya rage a gindin rumbu. Na ɗora Baba a kan keken da ban gama gyarawa ba, na tura shi a kan taya marar iska har Tsafe. Daga nan wata motar kaya ta kawo mu Gusau. A cikin motar Baba ya yi ta motsa baki, jini yana gangarowa a gemunsa. Na kai kunnena kusa.

"Mun gode Allah," in ji shi, "ba a ido ba ne."



Wani coci a Gusau ya ba mu ɗaki a bayan ginin, inda ake tara karyayyun bencuna. A asibiti suka ce muƙamuƙin ya karye, suka ciro haƙoran da suka rage suna lilo, suka ɗaure masa haɓa da kai. Ba tauna, ba tuwo, sai abin da zai wuce ta tsakanin leɓe. Wato kunu. Inna ta riƙa tsakurar geron bara tana dama masa safe da yamma, tana ba shi da ƙaramin cokali.

Ni sunana Habila. Daga aji biyu na sakandare na bar makaranta, don zama wuri ɗaya yana sa ni ƙaiƙayi. Na yi yaron mai faci a Tsafe, na sayar da fetur a kwalba, na bi wata mota zuwa Kaduna na dawo. Gona kuwa sai Baba ya yi ta kira kafin in leƙa, in na leƙa kuma da rana ta ɗaga na sulale. A Gusau ma ban iya zama a ɗakin ba. Na tafi tasha, na haɗu da wani Mannir mai babura biyu, ya ba ni ɗaya ina kabu-kabu. Da abin da nake samu muke ci.

Da geron bara ya kusa ƙarewa ban damu ba, domin kaka ta yi, sabo ya fara shigowa gari. Matan zumunta na cocin suka kawo wa Inna sabon gero cikin kwano, fari tas, yana ƙamshi. Ta surfa, ta niƙa, ta dama kunu har da tsamiya. Ta kai cokali bakin Baba. Ya shaƙi tururin, ya kau da kai.

"Yelwa, wanga sabo ne."

"Kunu ne dai, Baban Habila. Sha."

"Ban kai dami ba."

"Ina gonar take, balle dami?"

"Tana inda muka bar ta."

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ni kuwa sai a lokacin na tuna.

A gidanmu akwai wata ƙa'ida da ta girme ni, ta girmi Baba. Kakana Bamaguje ne. A zamaninsa ba a taɓa sabon hatsi sai an fitar da na tsafi. Da ya karɓi baftisma ya watsar da tsafin, amma bai watsar da ƙa'idar ba, inda ake kai damin kawai ya sauya. Dami na farko daga gonarmu sai ya shiga coci, an ajiye shi a gaban bagade, wato teburin ibada, maigida ya tsaya ya faɗi godiyarsa da bakinsa a gaban jama'a, sannan a daka sabo a gida. Ko tumu ba ma gasawa kafin nan. Ina yaro na sha bulala a kan tumu, don 'ya'yan maƙwabta suna ci ina kallo. Ban taɓa zaton ƙa'idar za ta biyo mu Gusau ba. Na ɗauka ita ma mun baro ta can tare da turmi da awaki.

Washegari na shiga kasuwa neman tsohon gero. 'Yan hatsi suka yi ta mini dariya.

"Tsoho? Kowa yana murna sabo ya zo, kai kana neman tsoho?"

"Tsohon nan tun cikin damina yunwa ta cinye shi, ɗan samari."

Da ƙyar na sami ɗan kaɗan a wurin wata tsohuwa, duk ƙwari sun huda shi, rabinsa gari. Baba ya sha kununsa yana godiya kamar an ba shi madara. Shi ma ya ƙare. Wani ɗan kasuwa ya rantse mini da cewa nasa na bara ne, na saya, na kai gida. Tun cokali bai kai baki ba Baba ya girgiza kai. Masara ma haka, dawa ma haka, duk abin da ake kira hatsi in dai na bana ne. Ya koma kan ruwan shayi, da romo in an samu, ba kuma kullum ake samu ba. Wuyansa ya fara tsawo. Ƙyallen da aka ɗaure masa kai ya fara yi masa yawa, sai Inna ta ƙara tamke shi.

Inna ta kai ƙara wurin Fasto Ishaya, mai kula da cocin. Matashi ne, mai saurin magana, mai kirki. Ya zo ya zauna a kan wani benci mai ƙafa uku, ya dafa bango don kada ya faɗi.

"Baba Istifanus, Allah ba ya cin gero. Zuciya yake dubawa."

"Na sani, Fasto." Maganar Baba a hankali take fita, ta tsakanin haƙora. "Ba don shina jin yunwa nake kai mashi ba."

"To ka sha kunu. Ni na ba ka izini. In akwai laifi a kaina."

"Kai ma naka ya ishe ka, ɗana."

Fasto ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. "Baba, jikinka kyautarsa ne. Kana kashe shi."

"Tun da na yi wayo ban taɓa sa sabo a baki ban ce na gode ba. Shekarun da ya cika mani rumbu na kai. Yanzu da ya ɗan taɓa ni sai in fara ci babu sallama? Sai ya ce ashe don rumbu nake zuwa."

"Ka ce na gode a nan. Yana ji."

"Ina cewa kullum. Amma wannan baki ne. Baki ba shi da wuya."

Fasto ya yi addu'a mai tsawo. Baba ya ce amin da ƙarfinsa, ya gode masa da ya zo, ya kuma ce Inna ta raka shi. Kunun yana gefe har ya yi sanyi, ƙuda suka same shi.

Gaskiya ya faɗa, kullum yana cewa. Kowace safiya, kafin in fita, sai mun durƙusa mu uku ya jero abin godiya. Rufin ɗakin ba ya yoyo ta gefensa. Mai gadin coci ya ba mu aron bokiti. Ciwon ya bar kunnen hagu ya koma dama kawai. 'Yan'uwana mata da ke aure a nesa suna lafiya. Ni kuwa gwiwata tana ƙasa, kaina yana tasha. Wata safiya na kasa daurewa.

"Baba, wai mi muke godewa?"

Ya buɗe ido. "Ka tashi da ƙafafunka?"

"Su ma waɗanda suka kore mu da ƙafafunsu suka tashi. Har da geronmu a gabansu."

Baba ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana neman amsar a fuskata bai samu ba. Inna ta ce, "Habila, fita."

Na fita na sami Mannir a ƙarƙashin darbejiyar tasha yana goge babur. Shi Fasto yake kirana, ni kuma in kira shi Liman, alhali ko sallar Juma'a sai an tayar yake isa.

"Fasto, yau kuma wa ya ci maka kuɗin baikon coci? Fuska kamar an hana ka aure."

Na gaya masa komai. Ya daina gugar.

"Kai! Azumin tsohonka ya wuce namu. Mu ko ba komi da magariba muna sha." Ya ga ban yi dariya ba, sai ya sassauta murya. "To mi za ka yi?"

"Zan tafi in yanko. Ko zangarniya goma ce in ɗaure, dami ne."

"Da babur ɗina?"

"Da ƙafa zan je?"

"Babur in an ƙwace a sayi wani. Kai in an ƙwace ka mi zan ce wa Innarka?" Ya jefo mini makulli. "Ka tsaya Tsahe ka yi tambaya. In an ce kar ka shiga, kar ka shiga. Ka ji ko, kafirin Allah?"

"Na ji, Liman."

Na kama hanya da hantsi. Gefen titi duk gonaki ne, waɗansu an girbe, waɗansu kuma gero ya bushe a tsaye tsuntsaye suna biki, ba kowa a ciki. A Tsafe na tsaya a bakin hanyar da ke bi ta bayan dutse zuwa garinmu. Da can nan 'yan kabu-kabu suke layi. Yanzu sai mai shayi ɗaya da bencinsa. A kan bencin na ga Sama'ila, maƙwabcinmu na gona, wanda iyakarsa take manne da tamu. Ya rame, tafin hannuwansa duk a naɗe da tsumma.

Muka gaisa. Ya tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi, don haka ake cewa. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Habila, babu gero."

"Kamar yaya babu?"

"Bayan kun tahi mun koma wani ƙauye kusa, wurin dangin matata. Can suka zo suka kwashe mu, duk namiji mai ƙarhi. Suka kai mu gonakinmu, suka ce mu girbe masu. Da hannuna na girbe taku. Ni na ɗaure, ni na ɗora bisa raƙumi." Ya ɗago hannun. "Ka gani. Ko kala ba su bari an yi ba. Abin da ya zube shanunsu sun bi."

"Ko zangarniya ɗaya ba za a rasa ba a gefen kunya."

Na taka babur. Sama'ila ya tashi ya riƙe kan babur ɗin da hannuwan nan masu ciwo.

"Suna cikin gidanku. A ɗakin Innarka suke dahuwa. In ka wuce rafin can, ba kai ba dawowa. Sai dai ka bi ta kaina."

Mai shayi bai ɗago ba, ya ce, "Ji maganar babba, yaro."

Na daɗe a kan babur injin yana aiki. Ga hanyar nan a gabana, na san kowane rami da ke cikinta. Na kashe injin. Sama'ila ya sa aka haɗa mini shayi, ban iya sha ba. Da zan tafi ya ce in gaya wa Baba ya yafe masa. Na ce ai ba laifinsa ba ne. Ya ce ya sani, in dai gaya masa.

Ban gaya wa Baba komai ba. Na ce babur ne ya lalace a hanya. Ya ce mun gode Allah da ba a daji ya lalace ba. A ranar ko shayin bai shanye ba, kuma da ya tashi zai zaga sai da na riƙe shi. Nauyinsa bai fi na yaro ba.

Mannir ne ya kawo dabara. Yana da kawu a wajen Nahuce, a ƙasar Bungudu, wanda ya samu ya girbe geronsa, yana ta gaggawar kwashe dammuna daga gona kafin wani abu ya faru.

"Dami dai dami ne," in ji Mannir. "An rubuta suna a jikinsa?"

Da sassafe muka tafi, kowa da babur ɗinsa. Kawu Idris dattijo ne gajere mai farin gemu, muka same shi a bakin gona yana faɗa da wani jaki. Mannir ya zayyana masa labari. Ya saurara har ƙarshe yana sosa gemu.

"Ikon Allah. Mu zakka muke hiddawa bayan an auna. Shi tun kahin ya ɗanɗana." Ya dube ni sama da ƙasa. "Tsohonka mutum ne. Kai ne ban sani ba. Ka iya aiki?"

"Kawu, wannan ko a coci barci yake," in ji Mannir.

"Kai rufe mani baki, kai da ko alwala sai an tuna maka." Ya juyo gare ni. "Ba ni ba ka kyauta. Irin tsohon nan in ya ji sadaka ce ba shi karɓa. Ku kwashe mani dammunan ga zuwa gida, ka ɗauki ɗaya ladan aikinka. Abin da za ka ce mashi kuma tsakaninku ne, ba ruwana."

Muka yi ta jigila daga gona zuwa gida, dami uku-uku a bayan babur, ta wata 'yar hanya mai yashi. Ƙaiƙayi ya cika mini wuya da baya. Ban taɓa yin aikin gona yini guda cur ba sai ranar, a gonar wani. Duk wanda ya ji ƙarar babur daga nesa sai ya tsaya ya kasa kunne, sannan a ci gaba. Da la'asar Kawu Idris ya zaɓo dami mafi girma da kansa, ya taya ni ɗaure shi.

"Allah shi ba shi lahiya," in ji shi. "Ka ce wani tsoho na gaishe shi. Au, ba ka iya cewa. To bar shi."

Na iso Gusau rana tana shirin faɗuwa. Na sungumi damin na shiga da shi ɗaki na dire a gaban tabarmar Baba.

"Ga shi, Baba. Na samu na shiga ta bayan fadama."

Inna ta dubi damin, ta dube ni, ta juya ta fuskanci bango tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Baba ya ce in tayar da shi zaune. Ya miƙa hannu ya zaro zangarniya ɗaya, ya shafa ta daga gindi zuwa kai, ya sake shafawa.

"Gero mai kyau," in ji shi. "Na wa ne?"

"Namu ne."

"Habila, namu gargasa ne. Gashi gare shi, don tsuntsu. Irin kakanka ne, ba mu taɓa shuka wani ba." Ya ɗaga zangarniyar, sumul take kamar kyandir. "Shekara nawa kana cin shi ba ka taɓa duban shi ba?"

Na zauna a ƙasa. Na gaya masa duka: Tsafe, Sama'ila da hannuwansa, raƙuma, ɗakin Inna. Da na zo kan ɗakin, Inna ta yi wani ɗan sauti ta toshe bakinta da gefen zane. Baba ya rufe ido. Na zaci kuka zai yi, ko ya kwanta ya juya mana baya. Sai ya buɗe ido.

"Sama'ila ya ce ya yi kyau?"

"Mi?"

"Geron. Ya yi kyau?"

Na tuna abin da Sama'ila ya faɗa lokacin da shayina yake hucewa. "Ya ce bai taɓa ganin gonar ta yi irin na bana ba. Ya ce ta wajen tsamiya sai da suka yi yini biyu."

"Wajen tsamiya," in ji Baba. Wani abu kamar murmushi ya motsa a ƙarƙashin ƙyallen. "Nan na zuba takin awaki. Ka gani, Allah ya ba da. Shi ya ba da nashi. Mutane ne suka ɗauke." Ya numfasa. "Mun gode Allah. Ka aika wa Sama'ila, ka ce na gode da ya girbe shi da kyau bai bar shi ya lalace ba."

Na ji kamar in fasa ihu. Na ce, "To yanzu fa? Babu dami, ba kuma za a samu ba. Sai ka mutu?"

Ya sake duban damin da ke gabansa. "Wanga, saye ka yi ko roƙo?"

"Aiki na yi. A Nahuce. Yini guda ina jigila."

"Kai?"

"Ni."

"Yelwa, kin ji? Habila ya yi yini a gona." Ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi riƙe haɓa. Da zafin ya lafa ya ce, "To naka ne. Guminka ne. Gidan ga yanzu daga hannunka yake ci, ba daga nawa ba. Kai ne maigida. Kai za ka kai, ka faɗi godiya da bakinka. In ka kai, in sha."

Na ruga wurin Fasto na ce ya buɗe coci yanzu-yanzu. Ya ɗauko makulli, amma Baba ya ce a'a, ba a ɓoye ake yi ba, sai a gaban jama'a. Lahadi da nisa. Fasto ya ce gobe Laraba akwai taron addu'a da yamma, jama'a ce ita ma. Baba ya yarda. Muka ƙara kwana ɗaya a kan ruwan shayi.

Mutanen da suka zo ba su da yawa, yawancinsu mata ne da tsofaffi, da waɗansu irinmu da aka koro daga ƙauyuka. Baba ba ya iya tafiya, sai muka buɗe tagar ɗakinmu da ke kallon cocin don ya ji. Na ɗora damin a ka. Matan zumunta suka ɗauki waƙa suna buga tulu, na bi tsakiyar bencuna har gaba. A garinmu Baba da rawa yake shiga. Ni ƙafafuna kawai na ja. Na dire damin a gaban bagade, na juyo, waƙa ta tsaya, kowa ya zuba mini ido.

Na nemi abin da zan ce. Na san yadda Baba yake yi: ruwan sama, lafiyar shanu, ƙarfin hannu, zaman lafiyar gari. Na duba cikina ban sami ko ɗaya ba. Abin da ke ciki shi ne fuskar yaron nan mai bindiga, da hanyar bayan dutse. Wata tsohuwa ta ce, "Yi magana, ɗana, muna ji." Na san shi ma yana ji ta taga.

"Na gode wa Allah," na ce. "Na gode Baba yana da rai yau."

Na tsaya ko wani abu zai biyo baya. Babu. Fasto ya ce amin da ƙarfi, jama'a suka amsa, aka sake ɗaukar waƙa. Ban jira an tashi ba.

Inna ta riga ta dama kunu da geron da matan suka kawo, tana ta fifita shi da faifai. Na tallafi Baba a ƙirjina. Ta kai cokali, ya buɗe leɓe ya karɓa. Ya riƙe shi a baki kafin ya haɗiye.

"Sabo," in ji shi. "Akwai daɗi."

"Ka ji abin da na ce?" na tambaye shi.

"Na ji. Gajere ne. Na farkona ni ma haka ya yi."

Ya sha cokali kaɗan, ya ce a dakata ya huta. Kafin Inna ta ajiye ƙwaryar duk ya dawo. Muka jira, muka sake gwadawa, ya sake dawowa. Da safe ma haka. Cikin ya riga ya rufe. Mannir ya samo mai a-daidaita-sahu, muka kai shi asibiti. Likita ya ɗaga fatar hannunsa ya saki, ta tsaya a tsaye. Ya tambaye mu me ya sa muka bari har ya kai haka. Inna ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ina za mu fara?

Suka sa masa ƙarin ruwa, da ƙyar aka sami jijiya. Ya ɗan farfaɗo har ya gode wa ma'aikaciyar da ta huda shi sau da yawa, ya ce hannunta da sauƙi. Bayan nan maganarsa ta koma motsin leɓe. Na riƙa kai kunne kamar yadda na yi a cikin mota, amma ban ƙara kama ko kalma ɗaya ba. Na zauna, na tashi, na fita tsakar asibiti, na dawo. Babu abin da zan ɗauko, babu inda zan je.

Ya cika da hantsin Asabar, Inna tana goge masa fuska. Aka binne shi a Gusau, cikin baƙi, nesa da kabarin kakana. Mannir da Kawu Idris suka zo suka tsaya daga gefe har aka gama. Sama'ila bai samu ya zo ba, saƙon Baba kuma har yau ban kai masa ba.

Abin da muka rasa a kakar nan: gona uku da geron da ke cikinsu, da dawar da ba ta kai ga nuna ba. Rumbu biyu. Awaki bakwai da jaki ɗaya. Gida mai ɗaki huɗu da zaure. Irin gargasa, ko ƙwaya ba ta rage a hannunmu ba. Da Baba.